Gwiwar Ɗan Fari

Abin nan ya faru ne a Fagge, tun Turawa ba su tattara kayansu ba, zamanin da kukan jirgin ƙasa ke shigo mana har tsakar gida mu san rana ta yi. Labarin gwiwa ne, gwiwa guda, ta hagu, da yadda manyan mutane suka zauna suna auna ta kamar an ɗora buhun gyaɗa a kan sikeli.

Mai gwiwar ɗana ne na fari. Ban taɓa kama sunansa ba, ba kuwa yau zan fara ba. 'Yan matan yanzu ba su san wannan kunyar ba, sai ka ga yarinya ta ɗaga ɗan farinta tana yi masa rawa a gaban surukai. Mu a zamaninmu, ɗan fari ba naki ba ne a idon jama'a. Ba ki kiran sunansa, ba ki yabonsa, ba ki zama hira da shi. In ya faɗi a gabanki sai ki kau da kai, wata ta ɗaga shi. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka uwarta ta yi, tun kakanninmu ba su baro Barno ba.

Ana yaye shi ƙanwar maigidana ta ɗauke shi. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu, tana zaune a gidanmu, ɗakinta na kallon nawa, rijiya a tsakaninmu. Ita ce gwaggonsa, ita ce uwarsa ta fili. Ita ke yi masa faɗa, ita ke yi masa kirari, ita ta tsaya kai da fata sai da aka sa shi makarantar boko. Ni kuwa nawa kallo ne ta ƙasan ido, daga bayan asabari, ina haɗa turaren wuta da humra, wanda shi ne sana'ata.

Yaron ya tashi dogo. Mu dama jinin tsawo ne, amma shi ya wuce kowa, har sai ya sunkuya yake shiga zaure. Da ya tafi kwaleji a Zariya, sai wani malaminsu Bature ya gan shi ya ce ya samu abin da yake nema. Ya sa shi wani wasa da ba mu taɓa jin labarinsa ba, wai shi ƙwallon kwando. Da ya zo hutu yana ba gwaggonsa labari, ina daga ɗaki ina ji. Ya ce zoben ƙarfe ne aka kafa can sama a jikin allo, aka ɗaura masa raga, raga kuma ba ta da gindi, ka jefa ƙwallo ta sama ta faɗo ta ƙasa. Gwaggon ta yi dariya har da tari. Ta ce ita duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin macen da ta sayi kwandon da ba ya riƙe kaya ba, ashe sai an yi ilimi mai zurfi ake gane amfaninsa. Ya ce ai Gwaggo, a Zariya in ya riƙe ƙwallon nan har manyan malamai tashi suke tsaye. Ta ce to su zauna, kada ƙafarsu ta gaji a banza.

Ashe ba banza ba ne. Akwai wani kamfanin Turawa mai sayen fatu da ƙiraga a nan Kano, yana da 'yan wasansa, da filin siminti a bayan ofis. Sukan kara da 'yan sanda, da soja, da 'ya'yan Kwarori, Larabawan nan masu kantuna. Duk shekara sukan ɗauki wanda ya fi iyawa cikin masu gama kwaleji, su ba shi kujerar akawu da keke, ya yi aiki da safe ya yi wasa da yamma, in lokaci ya yi a tafi da shi Ikko. A shekarar da yaron zai gama, gurbi ɗaya ne ya rage, kuma kowa ya san na wane ne. Maigidana, wanda ke sayar da kanwa a bakin tasha, bai damu da ƙwallo ba ko kaɗan, amma da ya ji zancen kujerar akawu sai ya daina cewa wasan yara ne.

Saura kaɗan su gama sai ga shi an sauke shi daga jirgi yana dogara sanda. Wai ya yi tsalle ne ya sauko a kan ƙafar wani, gwiwar ta juya. A kan keke aka turo shi daga tasha, ƙafar a miƙe kamar taɓarya, an naɗe ta da farin ƙyalle. Gwaggon ta fito da salati tana kuka, maƙwabta suka cika gidan. Ni ina tsugune gaban kasko ina juya itacen turare cikin sukari. Ban tashi ba. Ban ɗaga kai ba. Turaren ranar nan ya ƙone, na zubar da shi a bayan ɗaki ba wanda ya sani.

Likitan can ya ce ƙashi bai karye ba, jijiya ce ta ji ciwo, irin wannan kuma takan warke sarai, takan kuma dawo. Aka kira maɗori, ya lalluba, ya murza da man shanu, shi ma ya ce ba karaya, a bar ta ta huta. Gwaggon ta shiga gasa ta da ruwan zafi safe da yamma. Man shanun da take shafa masa kuwa daga ɗakina yake fita. Nakan ajiye shi a bakin rijiya cikin 'yar kwalba, ta zo ɗiban ruwa ta ɗauka. Ba ta taɓa tambayata ba, ban taɓa ce mata komai ba.

Madafata tana jingine da bangon zaure, don haka duk hirar da maza suke yi bayan la'asar tana faɗowa cikin tukunyata. Akwai wani maƙwabcinmu mai gyaran keke, shi ne ba ya fashin zuwa kallon wasan, shi ne kuma alƙalin zancen. Kullum sai ya sake aunawa. Ya ce a ɓangare guda ga tsawo, wanda ba a saye a kasuwa. Ga hannu mai saiti, yaron yana jefawa daga nesa kamar ya aiki ƙwallon da saƙo. Ga shaidar Baturen da ya koya masa. Ga shi ɗan gari, kamfanin kuma na son a ga 'yan Arewa cikin 'yan wasansa. A ɗaya ɓangaren kuwa, in ji shi, ga gwiwa ga siminti, siminti kuma ba ya jin tausayin kowa. Sannan akwai wani yaro abokin karatunsa, bai kai shi tsawo ba, bai kai shi hannu ba, amma ƙafafunsa biyu lafiya lau. Sai wani ya ce ai gara rabin dogon nan da gajere cikakke. Wani ya ce kai dai ba kai za ka biya albashin gurgu ba. Maigidana ba ya sa baki, da yake shi ma ɗan farinsa ne, sai dai ka ji ya yi gyaran murya ya ce a tashi magariba ta yi.

Su suna aunawa da baki. Ni ina da nawa ma'aunin, ban kuwa gaya wa kowa ba.

Da yake ba ya iya zuwa masallaci, a ƙofar ɗakin gwaggonsa yake salla, a kan buzu, daidai inda tsagar asabarina ke kallo. Da farko a zaune yake yi, ƙafar a miƙe gabansa. Daga baya ya fara tsayuwa, amma in ya zo zaman tahiya sai ya jefar da ita gefe kamar ba tasa ba. Alwala ma a kan turmi yake zama ya yi, ba ya iya tsuguno. Ina kallo, ina ƙirga ba da lissafi ba, da zuciya. Sai wata rana na ga ya ture turmin ya tsuguna, yana ciza leɓe. Sai wata rana ya tsuguna bai ciza ba. Sai ga shi ya naɗe ƙafar ƙarƙashinsa ya zauna daram har ya sallame, bai ko dafa ƙasa ba wajen tashi.

Akwai ranar da iska ta ɗauke zanen gwaggonsa daga igiya ta maƙale shi a kan katanga. Gidan ba kowa, a ganinsa. Ya dubi zanen, ya dubi hagu da dama, ya ja da baya kaɗan, ya tashi sama. Wallahi ban san mutum na iya barin ƙasa haka ba. Ya fizgo zanen ya dira a kan ƙafa biyu, ya tsaya shiru kamar mai sauraron wani abu a cikin jikinsa. Sai ya yi dariya shi kaɗai. Ni ma na toshe bakina da gefen mayafi. Iyakar ƙwallon kwandon da na taɓa gani ke nan a duniya.

Wanda ke da wuƙa da nama a kan zaɓen nan shi ne babban akawun kamfanin, wani mutumin Ibo da ke zaune a Sabon Gari. Shi ke horar da 'yan wasan, shi zai kai wa Bature suna. Ya kira yaran biyu ya gwada su a filin simintin. Mai gyaran keke ya dawo ya ce namu ya jefa duk sun shiga, amma ya riƙa tausaya wa ƙafar, bai yi tsalle yadda aka san shi ba. Akawun ya tambayi yaron ko ta warke, ya ce ta warke. Ya tambayi mutanen unguwa, suka ce ta warke. Sai ya ce ai kowa haka zai faɗa, tunda kowa na son yaron ya samu aiki. Shi yana neman ya ji daga bakin wanda tsoron lalacewar ƙafar ya fi masa son aikin, wannan kuwa mutum ɗaya ne.

Matarsa na san ta. Tela ce, tana da keken ɗinki a Sabon Gari, ita ke ɗinka wa 'ya'yana mata kayan salla. Takan sayo yadi a Kantin Kwari ta biyo ta gidanmu ta sayi turare, don ta ce ƙamshin ɗakin matan Barno ya hana ta sakat. Ko bayan wani tashin hankali da aka yi tsakanin mutanenmu da na Sabon Gari, da mutane suka ɗauke ƙafa, ita ba ta ɗauke ba. Mace ce mai fara'a, mai magana da ƙarfi, in tana ba ki labarin 'ya'yanta sai ta tashi tsaye ta kwatanta. Muna shiri ƙwarai. Sai dai duk zuwan da take yi, ba ta taɓa lura cewa dogon yaron nan ba ya shiga ɗakina ba.

Ta zo da hantsi. Gwaggon ta tafi Wudil ta'aziyya, za ta kwana biyu. Yaron ya fita. A ɗakina akwai matan maƙwabta biyu, ɗaya ma tsohuwa ce, sa'ar uwar mijina, suna taya ni tsince farce da jawi, kayan haɗin turare. Matar akawu ta yi sallama, ta zauna a bakin gado, ta ƙi shan ruwan da na ba ta.

Ta ce, "Inna, yau ba turare ne ya kawo ni ba. Maigidana ne ya aiko ni. Ya ce kowa zai iya yi masa ƙarya a kan ƙafar nan, ban da wadda ta haife shi. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, ɗanki ya warke?"

Ni ce na ce ɗanki, ita kuwa sunansa ta kama, ta sake kamawa, a cikin ɗakina, a gaban mutane. Ƙaramar maƙwabciyar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Tsohuwar ta zuba mini ido.

Amsar tana bakina. Ta cika mini baki. Na ga buzun, na ga turmin da aka ture, na ga zanen a kan katanga. Amma uwa ta buɗe baki ta ce ɗan farinta ya warke, ya fi kowa, a ɗauke shi? Ban taɓa jin wadda ta yi ba. Bayan kunyar ma akwai tsoron baki, abin da ka yaba a fili shi ido ke faɗa wa. Na ja mayafina na juya fuskata wajen bango.

Na ce, "Gwaggonsa ba ta nan."

Ta ce, "Ba gwaggo nake tambaya ba, Inna. Ke nake tambaya."

Na ce, "Ni me na sani a kansa? Sai abin da Allah ya yi."

Can sai na ji ta matso, ta kama hannuna ta riƙe da hannu biyu. Muryarta ta sauka ƙasa, yadda ban taɓa jin ta ba.

Ta ce, "Sannu, Inna. Na gane. Ki yi haƙuri."

Na ɗauka ta gane ta ba ni kunya ne take neman afuwa. Na ce ba komai. Ta tafi ba ta sayi ko ƙwayar turare ba. Tsohuwar ta ce madalla da 'yar mutunci, haka aka san 'ya'yan manya, ta ce baƙuwar nan dai ba ta da laifi, ba a koya musu ba ne. Muka ci gaba da tsince jawi. Raina ma a kwance yake, don a ganina duk mai hankali ya san uwar da ɗanta ke cikin hatsari ba ta zama tana haɗa turare.

Gwaggon ba ta kai ga dawowa ba labari ya iso zaure. Mai gyaran keke ne ya kawo shi, ya faɗe shi a hankali, ba kamar yadda ya saba ba. An ɗauki ɗaya yaron.

Da gwaggon ta sauka ta ji, ko kayanta ba ta kwance ba ta yafa gyale ta nufi Sabon Gari. Ta dawo bayan azahar ƙafarta duk ƙura, ta wuce ɗakinta ta shigo nawa, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce ta sami akawun a gida ta tambaye shi ko makaho ne. Ya ce mata shi kansa zuciyarsa na wajen namu. Maganar likita ta bar shi a tsakiya, gwajin fili ya bar shi a tsakiya, shi ya sa ya aiki matarsa. Matar kuwa ta dawo tana hawaye, ta ce uwar yaron ta kasa ko kallonta, ta juya wa bango fuska, ta ce sai abin da Allah ya yi. A garinsu, in ji shi, uwa ba ta yin haka sai in abin ya riga ya lalace. Ya ce ba zai sa yaro ya nakasa a kan simintinsa uwarsa na kuka a gida ba. Gwaggon ta ce ta warware masa zancen ɗan fari tun daga tushe, ya riƙe kai yana jinjinawa. Amma suna ya riga ya je gaban Bature, an ma auna wa wancan yaron riga. Ya ce a bari sai baɗi.

Gwaggon ba ta zage ni ba. Ita ma ta san da ita ce a ɗakin nan, ɗan kuma nata na fari, abin da za ta yi ke nan. Ta dai zauna ta daɗe tana kallon kaskon turare, sannan ta ce da ta sani da ba ta je Wudil ba, mamacin ai ba zai san ta zo ba.

Matar akawu ta zo da kanta bayan kwanaki. Ba ta zauna ba. Ta ce ita a garinsu, da uwar tashi za ta yi ta taka rawa ta kira maƙwabta su shaida. Na ce mu haka muka tarar. Ta ce to in uwa ba ta tsaya wa ɗanta da baki ba, wa zai tsaya masa? Na ce gwaggonsa. Ta ce ai ga shi gwaggon ba ta nan. Nan ta yi sallama ta tafi. Ta ci gaba da yi mana ɗinki, amma hirar ba ta koma yadda take ba. Kowacce in ta dubi 'yar'uwarta abin take tunawa.

Shi kuwa yaron, da yamma ya zo ƙofar ɗakina. Ya tsuguna a waje, asabari a tsakaninmu, kamar yadda yakan yi gaisuwa. Ya gaishe ni na amsa. Maimakon ya tashi sai ya ci gaba da tsuguno.

Ya ce, "An ce an zo an tambaye ki."

Na ce, "An zo."

Ya jira. Ina ganin inuwarsa a jikin asabari, kansa a sunkuye, gwiwoyin nan biyu a naɗe tsaf. Ban san me yake jira ba, ko kuwa na sani. Na tura masa kwanon fura ta ƙarƙashin asabarin. Ya dube shi, ya ɗauka.

Ya ce, "To."

Baɗin da aka ce ba ta zo ba. Kafin shekara ta zagayo an mai da akawun wani gari, wanda ya gaje shi bai san zancen ba, kwaleji kuma ta yaye sababbin dogaye. Yaron ya karɓi aikin koyarwa, aka tura shi wani ƙauye wajen Haɗeja. Takalmansa na wasa ya bar wa ƙanensa, suka yi masa yawa, ya riƙa cusa tsumma a ciki. Gwaggon ta je ganinsa sau ɗaya, ta dawo ta ce ya cire zoben ganga ya ɗaure a jikin bishiyar maina yana koya wa yara jifa, ta ce har can ma kwandon ba shi da gindi. Ta faɗa ne don a yi dariya, ba wanda ya yi. Wancan yaron kuwa an je da shi Ikko, mai gyaran keke ya riƙa kawo labarinsa har maigidana ya ce ya isa haka.

Na sha zama ina aunawa ni ma, bayan masu aunawa sun watse. Da yaron ya manyanta, in damina ta yi nisa sanyi ya shiga ƙasa, nakan ga yana ɗan jan ƙafar. Sai in ce wataƙila simintin nan da ya ƙarasa ta, wataƙila akawun ya yi daidai ba da saninsa ba. In rani ya yi kuma in ga yana tafiya kamar barewa, sai in ce a'a. Har yau ma'aunin bai tsaya ba.

Bai taɓa sake ɗaga zancen ba. Ya yi aure, ya haifi iyayen wasunku, ku yaran da ke saurarena, ya riga ni tafiya. Abu ɗaya dai ya riƙe har ƙarshe. Duk sanda ya zo gida, in ya tsuguna a ƙofar ɗakina, yakan daɗe a tsugune fiye da yadda gaisuwa ke bukata, bai dafa ƙasa ba, bai dafa bango ba. In ya tashi kuma, da ƙafar hagu yake tashi. Ina gani ta tsagar asabari. In amsa masa, fuskata na wajen bango.